Dutsen Inna Mai Kamar Sirdi

Ni haƙar rijiya na sani. Tun ina saurayi nake shiga ƙasa, daga Dakoro zuwa Kornaka har ƙauyukan Rumbu. Sau biyu rijiya ta rufta da ni, sau biyu aka jawo ni da rai. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban yi nisa a allo ba. Amma in ka zuba mini ƙasa a tafin hannu zan gaya maka ko gaba nawa ya rage a kai ga ruwa. Ƙarƙashin ƙasa bai taɓa ruɗa ni ba. A Abzin na ruɗe, cikin duwatsu, shekara biyu ko uku bayan Nasara sun bar mana mulki.

Inna ce ta kai ni. Ita ba 'yar nan ba ce. A duwatsun Abzin aka haife ta. Tana yarinya soja suka kwashe mutanen kwarinsu suka koro su kudu. Uwarta ta riga ta rasu kafin korar, can aka binne ta. Inna ta girma a hannun dangin ubanta, ta auri manomi a Dakoro, ta haife mu, harshenta ya juye Hausa. Ba ta cika zancen can ba. Sai da yana ta rufe mata idanu duka biyu ta fara.

Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana. Wata safiya bayan an gama shigar da gero rumbu ta ce, "Kai wanga, ina son ka kai ni in tsaya bisa kushewar uwata. Ban taɓa yi mata addu'a kusa ba."

Na ce, "Ba ki gani, Inna. Yaya za ki gane wurin?"

Ta ce, "Kai kana gani. Ni in faɗa, kai ka duba."

Ta faɗa mini alamun. Akwai dutse mai kamar sirdin raƙumi: gefe ɗaya tsini, gefe ɗaya faɗi kamar allo, tsakiya a lotse. In ta tsaya gefen bukkarsu tana kallonsa, rana takan fito ta hagunta ta faɗi ta damanta. Ƙarƙashinsa ƙorama ce mai goriba, da dabino bakwai, da ruwa kwance cikin dutse ta hannun dama, wanda ba ya ƙafewa. Kushewa tana gaba kaɗan. Ta maimaita mini har na haddace. Na ɗauka aiki ne mai sauƙi. A wurinmu in an ce maka ka nemi gawo mai reshe biyu, gawo ɗaya ne, ko daga ina ka fito haka za ka gan shi.

Akwai wani Alhaji mai fataucin hatsi da na haƙa wa rijiya a gidansa. Kamiyonsa, wata babbar motar kaya, yakan kai gero Agadas, ya wuce cikin duwatsu inda ake haƙar kuza, ya sauke, ya juyo. Ya ce mu hau. Direban Bazabarme ne mai yawan baki. Da ya ji Inna Buzuwa ce sai ya washe haƙora, don wasa ne tsakaninsu.

Ya ce, "A'a, taubashiya! Kin ƙoshi da hurar Hausawa, za ki koma cin duwatsu?"

Ta ce, "Kai dai kora jakinka na ƙarfe. In ya gaji ka gaya mini in ara maka raƙumi."

Ya ba ta gaban mota. Ni na hau kan buhuna. Muka bi ta Badar Gula muka shiga jeji. Kwana uku ƙasa shimfiɗe take kamar ta gida, sai dai itatuwa suna raguwa. A Agadas jandarma suka duba takardu suka sallame mu. Na zaga kasuwar raƙuma ina faɗin sunan kwarin da Inna ta ba ni. Ba wanda ya san shi. Suna ne da danginta kaɗai ke kiran wurin da shi, su kuwa sun watse. Wani tsoho mai saida gishiri ya tambayi sunan zuriyarta, sannan ya ce in bai manta ba mutanen nan kan hanyar kuza suke zama. Iyakar abin da na samu ke nan.

Da za mu fita Agadas Inna ta ƙi shiga gaban mota. Ta ce ciki warin mai yake, ita iska take so. Na ɗora ta kan buhuna, na ɗaure ta a ƙugu da igiyata, irin ɗaurin da muke wa mai sauka rijiya. Na zauna gefenta ina fuskantar gaba.

Da farko na ga wani abu shuɗi kwance a gindin sama. Na ce mata hadari ya haɗo daga arewa. Ta ce, "Hadari bayan kaka? Duwatsun ne." Na ce to kafin hantsi mun kai. Muka yi tafiya har azahar, suna nan inda suke. Ban taɓa ganin abu da idona in kasa kai masa ba. Da muka matso suka bar shuɗi suka koma baƙi, wasu ja kamar garwashi, wasu da farin zane a jiki kamar an zuba nono ya gangaro. Na ga duwatsu masu girman ɗaki a ɗore kan juna, ƙarami a ƙasa babba a sama. Na tambayi Inna wa ya ɗora su. Ta yi dariya.

Hanyar ba ta miƙe ba ko kaɗan. Rana tana damana, jim kaɗan tana haguna, jim kaɗan na neme ta na rasa. Kunnuwana suka toshe kamar ina ƙasan rijiya mai gaba arba'in, alhali sama muke hawa. Ta hannu ɗaya bango ne na dutse da za ka iya taɓawa, ta ɗayan rami ne da in ka leƙa sai ka ga kan itatuwa can ƙasa kamar ciyawa. Wuri ya yi duhu, na buga rufin mota na ce a tsaya a yi magariba. Direba ya leƙo ya nuna mini agogo, ya ce, "Mai rijiya, ko la'asar ba ta yi sakaliya ba. Dutse ne ya tare maka rana." Muka sha kwana, ga ranar nan tsaye. Da muka tsaya salla Inna ce ta nuna mini gabas, makauniya.

Kyau kam akwai shi. Ka fito daga baƙin dutse da ko tsiro babu, sai ka faɗa kwari kore shar, dabino a jere, alkama ta fara fitowa, rumman ya yi ja a reshe. Na sauka na leƙa rijiyar wani mai lambu. Gaba uku. Sa ɗaya ke jan wasaki yana kai da kawo, ruwa na zuba cikin kwami da kansa. Mu da ke cikin yashi mai laushi sai mun yi gaba arba'in, su da ke cikin dutse gaba uku. Na ɗebi ƙasar wurin na murza na shinshina. Ba ta gaya mini komai ba.

Duk dutsen da ya taso gabanmu sai Inna ta ce, "Wanga fa?" Ni kuma in faɗa mata da abin da na sani. Wannan kamar turmi a kife. Wannan kamar tozon sa. Wannan kamar haƙoran tsoho. Ta ce, "Sirdi fa?" In ce babu. Kwana na biyu da hantsi wani ƙato ya taso ta gefen hanya, na dube shi da kyau tun daga nesa har muka zo gindinsa. Na ce mata kamar rumbun da ya zube yake, ba shi da kai ba shi da gindi. Muka kewaye shi muka wuce. Gaba kaɗan direba ya tsaya ƙarƙashin wata ƙaya ya hura wuta ya ɗora shayi.

Inna ta zauna a ƙasa ta ɗaga hanci. Ta daɗe haka. Ta ce, "Ina jin ƙamshin ganyen tazargade, kuma ina jin ruwa. Mi ke gabanmu?"

Na ce, "Tudu biyu, kamar kunnen jaki."

"Wanda muka wuce fa?"

"Na gaya miki. Rumbun da ya zube."

"Ka duba shi da kyau?"

Na ce, "Inna, idona lafiya lau yake."

Na sha shayina ina kallon gaba. Ban waiwaya ba. Abin da na riga na gani, me zan sake dubawa?

Washegari muka kai wurin kuza. Nan hanya ta ƙare. Aka sauke gero, aka loda buhunan kuza kaɗan masu nauyin tsiya. Sirdi bai fito ba. Inna ta ƙi cin abinci. Direba ya ja ni bayan mota. Wannan karon ba ya dariya.

Ya ce, "Gobe da hantsi zan juya. Tsohuwar nan ba ta gani. Ga maƙabarta can gindin dutse. Kai ta, ka ce nan ne. Addu'a ai ba ta ɓata hanya."

Ni ba na ƙarya. Ba don kirki ba, ban iya ba ne. Amma da safe na kama hannunta na kai ta. Na ce, "Ga shi nan, Inna. Jiya duhun dutse ya hana ni ganewa."

Ta ce, "Juya ni in fuskance shi."

Na juya ta. Ta tsaya, ta ɗaga fuska. Ta sa yatsa ta taɓa kuncinta na dama, inda ranar safe ke dukanta.

Ta ce, "Ubanka ma bai iya ƙarya ba. Mai da ni mota."

Muka juyo. Na ɗaure ta kan buhunan kuza, na zauna ina fuskantar gaba kamar da. Ba mu yi nisa ba na ga ban san inda muke ba. Ni ina riƙe hanya. Jejin da na bi sau ɗaya ba ya ɓace mini. Amma babu tozon sa, babu haƙoran tsoho, babu ko ɗaya cikin waɗanda na faɗa wa Inna da bakina. Wasu duwatsu ne dabam. Na buga rufi na ce direba ya saki hanya.

Ya ce, "Hanya ɗaya ce tak, mai rijiya."

Na ce, "Ba nan muka biyo ba."

"To ta sama muka biyo?"

Muka kwana a wani kwari ina ta juya abin a raina. Washegari na sake buga masa rufi sau biyu. A na uku, azahar ta ɗan gota, ya taka birki da ƙarfi ya fito. Ya ce, "Sauko, Bahaushe. Zo ka gaishe da tokarka." Ya kai ni ƙarƙashin wata ƙaya. Ga duwatsun murhu uku, ga toka, ga ganyen shayin da ya zubar. Ga ma gurbin da Inna ta zauna.

Na tsaya ina kallon tokar. Sannan na ɗaga kai.

Yana nan tsaye a gabana, ya cika rabin sama. Tsini ta gefe ɗaya, faɗi kamar allo ta ɗayan, tsakiya a lotse. Na ce wa direba, "Wannan daga ina ya fito?" Ya ce, "Rumbunka ne da ya zube. Bayansa ka gani da muna zuwa." Na ce dutse yana da gaba da baya ne? Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. Ashe ranar da muke zuwa, nan na zauna na ba shi baya, na sha shayi kofi uku.

Na sauko da Inna na juya ta. Ta ce, "Wane lokaci ne?" Na ce azahar ta gota. Ta taɓa kuncinta na dama. Ta ce, "Faɗa mini." Na faɗa mata. Ta ce, "Ai na gaya maka ina jin ruwa."

Direba ya ce akwai mugun gangare a gaba da ba ya bin sa sai da haske. Ya nuna wani tsauni ta yamma, ya ce in rana ta taɓa kansa zai tada mota. Na ce ai ga gindin dutsen nan, kamar daga kasuwar Dakoro zuwa bakin gari. Ya ce, "Har yanzu ba ka koya ba."

Na goya ta da igiya. Ba ta da nauyi, buhun gero ya fi ta. Na yi ta tafiya cikin tsakuwa, dutsen bai matso ba. Takalmina ɗaya ya tsinke na jefar da duka biyun. Sai da inuwata ta fi ni tsawo muka shiga wata ƙorama busasshiya mai farin yashi. Ga goriba. Ta ce in ƙirga dabino. Uku ne a tsaye, da kututture biyu. Ta ce, "Shekaru da yawa ne." Na nemi ruwa ta dama, babu. Ta hagu na same shi, kwance cikin ƙoƙon dutse, baƙi, mai sanyi kamar na ƙasan rijiya. Na gaya mata ta hagu yake. Ta ce, "Yarinya nake. Wataƙila na juya shi."

Ba kowa a wurin. Ko kashin akuya sabo babu. Gaba kaɗan na ga kushewa, ba ɗaya ba. Tarin duwatsu ne dogaye a jere, sun fi ashirin, duk iri ɗaya. Na ce, "Wacce ce?" Ta ce in sauke ta. Ta rarrafa tana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ta kai ƙarshe ta dawo. Ta ce, "Ban sani ba." Ta zauna a tsakiyarsu ta ɗaga hannu. Ta fara da Larabcin salla, ta koma harshensu da ban taɓa jin ta yi doguwar magana da shi ba. Ban gane ko kalma ba. Na tsuguna ina cewa amin inda na ji ta numfasa. Ba ta yi kuka ba. Da ta gama ta sha ruwan, ta wanke fuska, ta ce in cika mata gora.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan. Mu tahi gida."

Rana ta daɗe da shigewa bayan tsaunin. Muna cikin komowa na ji ƙahon mota ta gabana, na ji shi ta bayana, na ji shi ta sama. Na tsaya ina juyi. Inna ta ja kunnena na hagu kamar akalar raƙumi, ta ce nan. Na bi. Direba yana zaune kan tayar mota, bai ko tada inji ba.

Ya ce, "Taubashiya, kin sa na kwana a jeji. Me kika kawo mini daga gidan naku?"

Ta ce, "Duwatsu. Ɗebi son ranka."

Da gari ya waye muka sauka gangaren. Inna ta ci abinci, ta jingina da buhu, ta rungume gorarta, barci ya ɗauke ta. Rabon da in ga ta yi barci haka tun Dakoro. Muka sha wata kwana sai kwari ya buɗe. Can gabanmu ga wani dutse. Tsini ta gefe ɗaya, faɗi kamar allo ta ɗayan, tsakiya a lotse. Ya fi na jiya kama da sirdi, kamar maƙeri ne ya sassaƙa shi. Rana tana fitowa ta haguna. A gindinsa akwai kore, kuma na ga kawunan dabino. Na fara ƙirgawa, mota ta yi tsalle, na ɓata lissafi.

Na ɗaga hannu zan buga rufi. Na dubi Inna. Bakinta a ɗan buɗe, yatsunta a kan wuyan gorar. Na riƙe hannun a sama har muka zo gindin dutsen, har muka kewaye shi. Wannan karon na waiwaya. Ya koma tarin duwatsu marar kai marar gindi. Na sauke hannuna.

Ta yi damina biyu bayan haka. Ba ta sake zancen Abzin ba, sai dai in mata sun zo gaishe ta takan ce ta je ta ga uwarta. Gorar tana rataye a ɗakinta, ta toshe bakin da ƙaro. Ta ce in ta rasu a yayyafa mata a kan kabari. Ni na haƙa kabarin, ni na yayyafa. Ruwan ya ragu, bai fi cikin tafi biyu ba, yashin Dakoro ya shanye shi nan take.

Ban gaya mata dutse na biyu ba. Ban gaya wa direba ba. Na sha cewa zan koma ni kaɗai in ƙirga dabinon nan, ban koma ba. Tazargaden da ta ji da ruwan da ta ji, a na farko ta ji su. Dabino bakwai da ruwa ta hannun dama, wataƙila suna na biyu. Har yau ban san ko kan uwar wa muka tsaya ba.